Wasiƙar da Ta Ƙi Fita

Dutse na farko ya faɗo ne ana dab da kiran sallar magariba, a ranar da Auta ta cika kwana tara tana fama da kwamfutar nan. Umma tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta ji wani abu ya bugi kwanon rumfa, ya gangaro a hankali, ya faɗo gaban ƙafarta. Dutse ne ɗan madaidaici, baƙi, mai santsi kamar wanda ya daɗe a ruwa. Da ta sunkuya ta ɗauka, sai ta ji shi da ɗumi.

Ta ɗaga kai ta dubi katanga. Maƙwabcinsu na dama tsoho ne daga shi sai matarsa, na hagu kuma shagon fenti ne da ake rufewa tun la'asar. Ba motsin kowa.

"Auta, ke kika jefo wani abu?"

Daga ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene muryar yarinyar ta fito a gajiye. "Umma, ni da ko ɗaga kai ban samu yi ba."

Umma ta ajiye dutsen a bakin taga, ta ci gaba da naɗe kaya. Tana cire rigar ƙarshe daga igiya na biyu ya faɗo, a daidai inda na farko ya sauka.

Maigidan, wanda 'ya'yansa ke kira Abba, mai gwajin jini ne a wani babban asibiti, shekara ashirin da shida yana aikin. Shi ne kuma sakataren ƙungiyar masu wannan sana'a. Wata guda kafin faɗowar dutsen ya lura da wani abu da ya hana shi sukuni. Akwai kayan gwajin da ake duba jini da su kafin a ƙara wa majinyaci, kuma wani rukuni daga cikinsu yana nuna jini lafiya lau alhali akwai cutar hanta a ciki. Ya maimaita gwajin sau uku, ya kai wa shugaban ƙungiya. Shugaba ya ce a bi a hankali. Da Abba ya ga hankalin ya yi yawa sai ya rubuta a zauren ƙungiya na waya. Ba a yi minti goma ba aka goge rubutun, aka cire shi daga zauren. Shugaban ne ya sa hannu aka amince da kamfanin da ya kawo kayan, wannan kowa ya sani.

Abin da ya rage a hannun Abba shi ne rajistar ƙungiya, mai ɗauke da adireshin imel na mutum ɗari shida da goma sha biyu. Ya fara aikawa ɗaya bayan ɗaya daga akwatinsa. Yana kai sittin aka kulle akwatin, wai ana zargin ɗan damfara ne.

Auta ce ta kawo shawara. Ta gama karatun kwamfuta tana zaman jiran aiki, ta ce akwai manhaja ta kyauta da ake ɗorawa a kan na'urar mutum ta kansa: ka aika wasiƙa guda, ta rarraba wa kowa, duk wanda ya amsa kowa ya gani, kuma babu mai ikon goge maganar wani. Aka kira Kawu, ƙanin Umma, wanda a gidan ya tashi tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Yana aiki a wani kamfanin intanet, shi ne ma ya fara ɗora hannun Auta a kan kwamfuta tana firamare. Washegari ya shigo da tsohuwar na'ura a kafaɗa, ya ja waya, ya buɗe wa kansa hanyar shiga daga ofis don ya riƙa taimaka mata.

"Aikin awa biyu ne," in ji shi. "Yaya, ɗora shayi kawai."

Ɗakin ƙarƙashin bene aka zaɓa saboda sanyinsa. Tun da suka sayi gidan ba a cika buɗe shi ba, tsofaffin ƙyamare ne a ciki da fasassun tuluna na masu gidan na da. Auta ta kwashe su, ta share. A kusurwa ta ga wani rami da kyankyasai ke fitowa, ta tafasa ruwa a buta ta zuba a ciki, ta toshe da siminti.

Manhajar kyauta ce da gaske. Abin da ba wanda ya gaya wa Auta shi ne ba abu ɗaya ba ce. Sassa uku ne da dole a sa su zauna lafiya: akwai mai karɓar wasiƙa, akwai mai riƙe sunayen mutane ya rarraba musu, akwai shafin da mutum zai buɗe ya sa kansa ko ya cire. Kowanne da fayil ɗin saitinsa, kowanne da waɗanda suka rubuta shi, kuma kamar ba su taɓa gaisawa ba. Littafin bayanin an rubuta shi ne don sigar shekara huɗu baya. Zai ce a buɗe fayil kaza, ta je ta tarar babu mai wannan suna. Ta yi tambaya a dandalin masu amfani da manhajar, bayan kwana biyu wani ya amsa mata da layi ɗaya, wai ta karanta littafin bayani.

A kwana na huɗu shafin ya buɗe, amma babu inda za a danna. A na shida ta aika wasiƙar gwaji, wasiƙar ta yi ta zagaye tana haifar kanta, har guda ɗari uku suka taru a wayar Abba yana tsakiyar aiki. Da ya dawo ya leƙa ɗakin ya ce, "Ni na ce a aika wa mutum ɗari shida sau ɗaya, ba a aika wa mutum ɗaya sau ɗari shida ba."

A na takwas da hantsi wasiƙar gwaji ta shiga wayar Umma, guda ɗaya tak, yadda ake so. Auta ta fito tsakar gida tana rawa. Abba ya ce daga dawowarsa za a aika ta gaskiyar. Da ya dawo da la'asar, komai ya mutu. Wasiƙa ta shiga na'ura ta zauna, ba ta fita, ba ta dawo.

Daga nan abin ya koma haka kullum. Ta gyara da safe, ya yi aiki. Ta tashi ta yi azahar ta ci abinci, ta dawo ta tarar ya tsaya. Kawu yakan biyo bayan an tashi aiki, ya ja kujera, ya daɗe yana kallon allon, ya sauke numfashi.

"Wannan abin sai ƙwararru, Auta. Ba laifinki ba ne. Ba ki kai nan ba tukuna."

Bayan ya tafi takan zauna ta zuba wa allon ido ba ta taɓa komai, fankar na'urar na ta nishi, har hasken ƙofa ya dushe.

Duwatsun ba su daina ba. Kullum idan rana ta yi ja sai su fara, biyu ko uku, wata rana bakwai. Ba sa samun kowa, ba sa fasa komai. Abba ya hau saman bene da tocila ya tsaya, dutse ya faɗo a tsakar gida yana kallo, bai ga daga inda ya fito ba. Ya sauko. Daga ranar aka daina hira a tsakar gida bayan la'asar, aka riƙa rufe tagogi da wuri.

Sannan aka fara kiran suna. Auta tana ɗakin ta ji Umma ta kira ta daga kicin, ta amsa ta fito, ta tarar Umma tana sama tana sallah. Washegari Umma ce ta ji ana danna madannan kwamfutar a ɗakin, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koyo. Ta buɗe baki za ta ce yarinyar ta huta, sai ta ga Auta tsaye a bayanta riƙe da kofi. Suka kalli juna. Ƙarar ta ci gaba na ɗan lokaci, sannan ta tsaya.

"Kada ki ƙara zama a can ke kaɗai," in ji Umma.

"Umma, kullum fa ana ƙara wa mutane jini."

A kwana na goma sha biyar, magariba ta kawo kai, Auta ba ta fito alwala ba. Umma ta tura ƙofar. Ta same ta tsugune a kusurwa, ta ba ƙofa baya, tana kankare simintin nan da farce har yatsunta sun fashe. Umma ta dafa kafaɗarta. Yarinyar ta juyo a hankali. Fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne, kallon wani tsoho ne da aka tasa daga barci.

"Cire hannunki," in ji wata murya mai kauri, a shaƙe, daga bakin Auta.

Sai da Abba da Kawu suka haɗu kafin aka iya fito da ita. Yarinyar da ba ta iya ɗaga buhun shinkafa rabi, ta watsar da su sau biyu. Aka kai ta ɗakin Umma. Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta yi magana da muryarta ba. Wani lokaci ta yi shiru idonta a kan silin, wani lokaci ta yi ta ƙirga sunayen mutanen da babu wanda ya san su. Abba, mutumin asibiti, ya kawo abokinsa likita, aka auna zazzaɓi, aka ɗebi jini, shi da kansa ya gwada. Ba a ga komai ba.

A cikin kwanakin nan Abba ya roƙi Kawu ya ƙarasa aikin. Kawu ya shiga ɗakin da yamma, ya yi kusan awa, ya fito yana goge goshi.

"Yaya, ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba. Ina gyarawa yana warwarewa a gabana. Abin da ke gidan nan ba zai bari ba. Ka bar maganar wasiƙar nan, ka ji da 'yarka."

Abba ya sunkuyar da kai. "Ni na jefa ta cikin wannan hali."

Kawu bai ce a'a ba.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa, mahaddaci, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ba shi da allon talla, ba ya ɗaga murya. Abba ya je ya same shi, dattijon ya saurara har ƙarshe gilashin aikinsa na maƙale a ido, sannan ya cire ya ce zai zo bayan la'asar.

Da ya zo bai nufi ɗakin marar lafiya ba. Ya zagaya tsakar gida, ya ɗauki ɗaya daga duwatsun da Umma ta jera a taga ya juya shi a tafinsa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ƙarƙashin bene, ya daɗe yana kallon kusurwa.

"Wa ya toshe can?"

Umma ta gaya masa, har da ruwan zafin.

"Ta yi bisimilla?"

"Ban sani ba, Malam."

Aka shimfiɗa tabarma a falo, aka kwantar da Auta, aka lulluɓe ta. Umma ta ɗora kan yarinyar a cinya, Abba ya riƙe hannuwa, Kawu ya riƙe ƙafafu. Malam ya zauna daga gefe ya fara karatu, ba da sauri ba, muryarsa ƙasa-ƙasa. Rana tana sauka a kan labule. An daɗe ba abin da ya motsa sai yatsun yarinyar. Can jikinta ya sandare, bayanta ya ɗaga daga tabarma, muryar nan ta fito.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

Malam ya kai ƙarshen ayar tukuna. "Wane ne kai?"

"Mai ɗakin."

"Ɗakin yana da masu shi. Sun saya, suna zaune."

"Ina nan tun wurin yana fili. An yi gini a kaina ban ce komai ba. Mutum uku sun zauna a gidan nan, kowa ya bar mini kusurwata. Wannan ta zo ta zuba mini tafasasshen ruwa. Jikata na kwance har yanzu, ƙafarta ta sale."

Umma ta toshe bakinta da mayafi.

"Ba ta gan ku ba," in ji Malam. "Kai kana ganinta, ita ba ta ganinka. Wanda bai gani ba ya yi kuskure, kai da kake gani ka yi zalunci. Za ta nemi afuwa idan ta farka. Kai kuma za ka fita."

"A yanka mini rago."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

"A fitar da ƙarfen nan mai nishi, a mayar mini da ɗakina."

"A'a. Akwai kango a bayan tsohuwar ma'ajiyar katako, shekara goma ba wanda ya taka. Ka kwashi iyalinka ku koma."

Bakin Auta ya karkace, wani abu kamar murmushi ya bayyana. Idanun suka bar Malam suka koma kan Abba.

"Kai mai duba jini. Kana so ka san abin da ya hana takardarka fita? Ka bar ni a kusurwata, in gaya maka."

Abba ya ɗago. Malam ya ɗaga masa hannu ba tare da ya kalle shi ba.

"Ba ma sayen labari a wurinka."

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi kaɗan. Jikin ya yi ta murɗewa, gumi ya jiƙa mayafin Umma. Daga nesa wani ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Muryar ta koma roƙo. Ta nemi kwana bakwai, ta sauko uku. Malam ya ce zuwa fitowar rana gobe, ba wanda zai shiga ɗakin kafin nan, su kwashe abin da za su kwashe. Amma jikin yarinyar, yanzu za a bar shi. Ya sa shi ya yi alkawari sau uku ba zai dawo ba, ba zai aiko ba.

"Ta ina za ka fita?"

"Ta ƙafar hagu." Numfashin ya yi nauyi. "Amma kada a ɗora mini abin da ban yi ba. Ni duwatsu na jefa. Na kira suna, na taɓa ƙarfen don in ji me yake. Ban iya shi ba, ban ɓata shi ba. Ku tambayi wanda ke riƙe da ƙafarta."

Ƙafar hagun ta karkaɗa, ƙaramin yatsan ya miƙe ya yi rawa, Kawu ya saki da sauri. Jikin ya saki gaba ɗaya. Bayan ɗan lokaci Auta ta buɗe ido, ta kalli silin, ta kalli mahaifiyarta.

"Umma, ƙishirwa," ta ce, da muryarta.

A bakin ƙofa, Malam yana sa takalmi ya ce wa Abba, "Irinsu ƙarya ba ta yi musu wuya, musamman in an kore su. Yakan so ya bar wuta a gida. Kada ka kama ɗan'uwanka da maganarsa."

Abba ya dawo falo ya tarar da Kawu zaune, fuskarsa ta yi fari. Ya dafa shi.

"Ka yi haƙuri. A gidana aka ci maka fuska, kana cikin taimakonmu."

"Ba komai, Yaya," in ji Kawu.

Duwatsu ba su ƙara faɗowa ba. Auta ta yi kwana biyu tana barci tana shan ruwa-ruwa. Ba ta tuna komai, Umma ce ta ba ta labari, ta so ta tsallake maganar ƙarshe amma yarinyar ta gane akwai saura, ta matsa har ta ji. Ta yi dariya mai rauni.

"Kawu? Shi ya koya mini kunna kwamfuta fa."

A rana ta uku da hantsi ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta yi bisimilla, ta ce a bayyane tana neman afuwar duk wanda ta cutar ba da sani ba. Umma ta kawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. Auta ta zauna gaban na'urar, yatsunta a naɗe da filasta.

Duk kwanakin nan kundin kurakuran wasiƙa take karantawa. Akwai wani kundin dabam, wanda na'ura ke rubuta duk wanda ya shigo cikinta da lokacin da ya shigo. Ba ta taɓa buɗe shi ba, don ba ta da dalili. Yanzu ta buɗe ne don ta nuna wa Abba ƙaryar aljanin, hankalin kowa ya kwanta.

Sunan Kawu ne a jere. Daga kwana na takwas, kullum, ƙarfe ɗaya da minti arba'in ko kusa da haka, lokacin da take kan sallaya. Ba ya wuce minti biyu. Ta buɗe fayil ɗin saitin mai karɓar wasiƙa, ta jera shi da kwafin da ta ajiye ranar da abin ya yi aiki. Bambancin alama ɗaya ce, 'yar ƙarama, a farkon wani layi, irin wadda ke sa na'ura ta tsallake layin kamar ba a rubuta shi ba. Ta duba na sauran kwanakin. Kullum wuri dabam yake taɓawa, don kada ta gane. Wanda ya san yadda take tunani ne kaɗai zai san inda ba za ta duba ba.

"Lafiya?" in ji Umma.

"Kira mini Abba a waya, Umma. Ki ce ya dawo gida."

Kafin ya iso ta rufe hanyar shigar Kawu, ta goge alamar, ta yi gwaji. Ta nuna wa mahaifinta kundin, layi bayan layi. Bai san kwamfuta sosai ba, amma ya san karanta lokaci da suna. Ya cire tabarau ya mayar. Sannan ya ce ta aika.

Wasiƙar ta fita ƙarfe goma sha biyu saura. Auta tana kallon lambobin na raguwa har suka kai sifili. Kafin la'asar amsoshi sun fara shigowa, kowa na ganin na kowa. Ɗakunan gwaji goma sha ɗaya suka ce su ma sun yi shakka amma kowa ya ɗauka shi kaɗai ne. Wasu suka ce sun janye kayan daga aiki a take. Sai wata ma'aikaciya daga wani ƙaramin asibiti ta rubuto. Ta ce ranar Talatar makon jiya sun ƙara wa wata mai jego jini leda biyu, da wannan rukunin aka duba. Yanzu ta sake gwada ragowar da wasu kayan. Akwai cutar.

Abba ya ƙirga da yatsa. Talatar ta kama kwana uku bayan ranar da Auta ta yi rawa a tsakar gida.

Kawu ya zo da yamma kamar yadda ya saba, da ledar lemo a hannu. Ya same su su uku a falo, ba talabijin, ba shayi. Auta ta miƙa masa takardar da ta buga. Ya kalle ta sau ɗaya ya zauna a hannun kujera.

Bai musa ba. Ya ce shugaban ƙungiyar baffan matarsa ne, shi ya samo masa aikin da yake yi. Shugaban ya kira shi ya ce ba a so a hana komai, jinkiri kawai ake nema, mako biyu, a janye kayan a ɓoye ba tare da sunan kowa ya ɓaci ba. Ya ce bai san ba a fara janyewar ba. Ya ce bai san abin zai taɓa Auta ba, wallahi da ya ga halin da ta shiga bai yi barci ba.

"Aljanin ba kai ka kawo shi ba, Kawu," in ji Auta. "Ni na zuba ruwan. Abin da nake so in sani ɗaya ne. Kana zuwa ka zauna kusa da ni, ka san na gyara daidai. Me ya sa kake ce mini ban kai ba?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Na yarda da kai fa. Har na fara tunanin in mayar da takardar shaidata cikin akwati in nemi wata sana'a."

Abba ya miƙo masa wayarsa, wasiƙar ma'aikaciyar nan a buɗe. Kawu ya karanta. Ya ajiye wayar a kan tebur kamar tana ƙuna.

"Na ba ka haƙuri a ɗakin nan," in ji Abba. "Ka karɓa."

Ya tashi ya hau sama. Aka bar Kawu da yayarsa. Ya zamo daga kujera ya durƙusa a gabanta.

"Yaya."

"Kawo makullin gidan."

Ya ɗago yana kallonta. Makullin yana hannunsa tun yana sakandare, ko bayan ya yi aure ba wanda ya tambaye shi. Ya lalubo zoben makullansa, ya daɗe yana fama da shi kafin ya fita. Ta karɓa ta ɗaure a bakin mayafi. Ta tashi ta ɗauki ledar lemon ta sa masa a hannu, ta raka shi har ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi masa ba, don ba a raka ɗan gida.

"Ka gaishe da iyali," ta ce. "In za ka zo, ka riƙa yin waya tukuna."

Ta tura ƙofar, ta sa sakata. Ta daɗe tsaye hannunta a kan ƙarfen. Auta ta fito ta tsaya a bayanta.

"Ni na yaye shi," in ji Umma, ba ta juyo ba. "Ranar da mahaifiyarmu ta rasu, a bayana ya kwana."

Daga saman bene Abba ya leƙo, ya riga ya sa hula. Ya ce ya samu lambar mijin mai jegon, gobe da sassafe zai je asibitin ya yi musu bayani da bakinsa, don akwai maganin da gara a fara da wuri.

"Zan bi ka, Abba," in ji Auta.

"Ba ki warke ba."

"Zan iya zama a mota."

Umma ta saki sakatar, ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta nufi kicin.

"Ku tashe ni in kun tashi," ta ce. "Ba a zuwa wurin mai jego hannu rabbana."